Hoto Ashirin da Uku

Wata biyu da gama bautar ƙasa, ina zaman jiran aiki a gidanmu da ke Zariya, Inna ta miƙo mini wata jakar fata daga ƙarƙashin gadonta. A ciki akwai kyamarar mahaifina, Pentax K1000, ƙirar Japan da aka fara yi a 1976. Da ita ya ciyar da mu, yana bin bukukuwan aure da na suna, har ciwo ya kwantar da shi ina ɗan shekara tara.

Ɗan ma'aunin da ke samanta yana nuna 23. Ban san ma'anar lambar ba. Na ja maɓallin naɗe fim sama, bayanta ya buɗe, na zaro fim ɗin da na tarar na ɗaga shi a hasken tsakar gida ina neman fuskoki. Ban ga komai ba. Sai daga baya na gane cewa fim ɗin da ba a wanke ba, haske ne ajalinsa. Hotunan ƙarshe da mahaifina ya ɗauka sun yi shekara goma sha shida suna jira a cikin duhu, ni kuma na ƙone su a minti guda.

Kunyar wannan ɓarna ce ta kai ni rumfar wani dattijo mai gyaran agogo a Sabon Gari. Ya ɗana kyamarar, ya saita ta a daƙiƙa ɗaya, ya kara a kunne ya danna. Labulen da ke buɗe wa haske hanya ya buɗe, ya ƙi rufewa.

"Ɗana, ba ta mutu ba," in ji shi. "Giris ne ya daskare mata."

"Baba, za a iya gyara ta?"

"Kai za ka gyara, in kana da haƙuri."

A gabansa na koyi cewa cikin irin wannan kyamara ɗan'uwan cikin agogo ne: ƙananan haƙora da sifirin ke auna lokaci, batir kuwa na ma'aunin haske ne kawai. Na koyi jera sukurori a faranti bisa tsarin da na kwance su. Na wanke busasshen giris da ɗigon man leta, na kankare tsohon soson bakin murfi da ya narke ya zama kamar kwalta, na liƙa sabo don kada haske ya sato hanya. Damina kan haifar da fumfuna a gilashi, hunturu kuma ya cusa ƙura a kowace kafa. Wata rana wani sifirin mai kaurin gashi ya tsalle mini, muka yi yini muna lalube da mayen ƙarfe.

Abokaina sun ce ɓata lokaci nake yi, tunda wayar aljihuna ta fi ta fitar da hoto. Ban musa ba. Sai dai digirina ya koya mini saurin ba da amsa, rumfar nan kuwa ta koya mini tsayawa kafin in taɓa. Har yau ba na buɗe kyamara sai na juya maɓallin naɗi a hankali, in ji ko akwai fim a ciki.

Bayan wata biyar labulen ya buɗe ya rufe a daƙiƙa ɗaya cif. Na sa sabon fim mai hoto 36, na roƙi Inna ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta. Tana gyara mayafi na tambaye ta ko ta san abin da ke cikin fim ɗin da na lalata.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ranar ƙaramar Salla ce. Ku ya ɗauka, kai da ƙannenka." Ta dubi kyamarar da ke hannuna. "Ɗaga ta sama kaɗan. Haka yake riƙe ta."