Ɗan Maraɗin Ajinmu Ya Ba Mu Darasi

Akwai wani ɗan ajinmu da ya taso a Maraɗi. Mun daɗe muna yi masa dariya saboda Turancinsa da ke fita da ƙyar, yana cakuɗa shi da Faransanci. Ashe raina kama ka ga gayya ne.

A zangon karatun da ya wuce muka raka wani abokinmu asibiti. Can muka tarar da wata tsohuwa daga Nijar riƙe da takardar magani da aka rubuta da Faransanci, an rasa mai karantawa. Ɗan Maraɗi ya karɓa, ya yi wa ma'aikaciyar jinya bayani da Hausa. Tsohuwa ta yi ta sa masa albarka, mu kuwa kunya ta kama mu.

Da muka dawo, mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida muka shiga bincike, muka gano harshe ma sana'a ne. Kotu tana buƙatar tafinta, haka asibiti, haka masu kula da alhazai a Makka da Madina. Sashen Hausa na BBC yana aiki tun 1957, ga kuma na DW da na RFI, kullum fassara labarai suke yi. Ƙungiyar ECOWAS tana aiki da Turanci da Faransanci da harshen Fotugal. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da harsuna shida, har da Larabcin da muke koyo a Islamiyya. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi ma ya san amfanin Faransanci.

Sai dai mun gwada kanmu, mun ji jiki. Muka ɗauki labari ɗaya na Turanci don mu mayar da shi Hausa, muka ɓata awa guda muna gardama. Wasunmu ba sa bambanta "ƙasa" da "kasa" a rubuce. Iya magana daban, iya rubutu daban, kuma mai ɗaukar aiki rubutun zai duba.

Saboda haka, daga wannan makon za mu riƙa liƙa gajeren labari a wannan allo. Ku fassara shi da harshen da kuke ji a gida, Fulatanci ne, Kanuri ne ko Nufanci, ku kawo mana ranar Alhamis. Ɗan Maraɗi ya yarda zai duba na Faransanci.