Gudu da Waiwaye: Mai Sassarfa a Tsakiyar Mafarauta

Likita ne ya ɗora masa gudun. Bayan an auna jininsa sau uku cikin wata guda ana tarar da ya hau, sai aka umarci malamin, wanda ke koyarwa a wata makarantar sakandare a ƙasar Garun Malam, da ya rage gishiri, ya kuma riƙa motsa jiki kullum. Rage gishiri bai ba shi wahala ba. Gudun ne ya zame masa jidali, domin magidanci mai 'ya'ya huɗu ba ya ratsa gari a guje ba tare da an leƙo ana tambayar ko lafiya ba. Saboda haka ya zaɓi bayan gari. Da an idar da sallar asuba sai ya sauya tufafi, ya bi gefen babbar magudanar ruwa yana sassarfa har rana ta fito.

Hanyar ta dace da buƙatarsa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin mulkin Audu Bako, aka kuma jawo ruwanta zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure, rani ya daina zama lokacin hutun ƙasa a wannan yanki. A watan Janairu, sa'ad da wasu wurare suka bushe ƙayau, nan alkama ce kore shar, ga albasa, ga tumatirin da ake lodawa kwando-kwando a Kwanar Gafan. Sai dai ruwan bai kai ko'ina ba. Bayan iyakarsa akwai gonakin tudu da aka girbe dawa da gero, da kwazazzabai masu ciyayi. A nan zomo da gafiya da fakara ke fakewa, a nan kuma 'yan farauta ke bi idan kaka ta wuce.

Wata safiya cikin hunturun farkon 2025, hazo ya sauka har mutum ba ya hango abin da ke gabansa da nisa. Malamin ya naɗe kansa da mayafi, ya bar gefen magudana ya bi wata 'yar burtali da ke ratsa gonakin tudu. Ya ji kiɗa daga nesa, ya ɗauka biki ne a wani ƙauye. Haushin karnuka ne ya fara ankarar da shi. Ya waiwaya, ya hango uku sun taso, sai ya aikata abin da tsoro ke sa kowa ya aikata: ya ƙara mai. Nan take ihu ya tashi ta bayansa, "A tare! A tare!" Ta gabansa kuma wani saurayi ya ɓullo daga cikin hazo da barandami a ɗage.

Abin da ya cece shi murya ce ta wani dattijo da ta keta hayaniyar: "Kai mai gudu, tsaya cik! Kada ka motsa!" Ya tsaya, ƙafafunsa na rawa. Karnukan suka kewaye shi suna gurnani, amma ba su cafke shi ba. Dattijon ya ƙaraso, ya tsawata musu, ya ce wa saurayin ya sauke makami, sannan ya dubi malamin tun daga kai har ƙafa.

"Ɗan gidan wa?"

Ya faɗi sunan mahaifinsa da unguwarsu. Wani daga cikin samarin ya ce, "Baba, ai malaminmu ne, shi ya koyar da mu lissafi."

Dattijon ya girgiza kai. "Malam, a daji da sassafe abu biyu ke gudu, nama da ɓarawo. Kai wanne ne?"

"Baba, ba ko ɗaya. Likita ne ya ce in riƙa gudu."

"To, likitan ya gaya wa karnuka?"

Samari suka fashe da dariya, amma shi malamin ya kwana yana juya tambayar. Ya lura cewa a Hausa gudu da wuya ya zo shi kaɗai. Kusan kullum akwai abin da ake gudu. Ana gudun hijira, ana gudun tsira, ana gudun abin kunya. Ko karin maganar da ke cewa in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, ta ginu ne a kan cewa ba a gudu sai da dalili. Gudun da babu mai kora, babu kuma abin da ake bi, baƙon abu ne da ya shigo ta hanyar makarantar boko da barikin soja da asibiti. Ke nan wanda ya hangi mutum rufe da fuska yana sheƙa gudu kusa da gonakin da ake ajiye injinan ban ruwa, bai yi wauta ba idan ya zargi wani abu. Magabata sun riga sun faɗa: gudu da waiwaye shi ke kawo mugun zato.

Daga bisani ya riƙa ziyartar dattijon, ya kuma fahimci wani bambanci da littattafai kan ambata a taƙaice. Maharbi daban, ɗan farauta daban. Maharbi kan fita shi kaɗai da baka ko bindigar toka, ya laɓe shiru yana jiran motsi. Haɗarinsa shi ne ya harbi abin da bai gani sosai ba. 'Yan farauta kuwa taro ne, da kiɗa da kirari da karnuka, suna kora suna tarewa. Haɗarinsu shi ne su gan ka kana gudu. A Amurka, inda harbin barewa da bindiga ke da lokacinsa na musamman, jihohi da yawa sun wajabta wa maharba sanya tufa mai ruwan lemo, ana kuma shawartar masu gudu a daji da su yi haka. Wannan dabara maganin maharbi ce kawai. Kare ba ya duba launin riga, kuma taron da jininsa ya ɗauki zafi ba riga yake nema ba, suna yake nema.

Saboda haka malamin ya sake tsari. Daga ƙarshen kaka har faɗuwar damina ba ya barin gefen magudana, inda manoma ke ganin sa. Ba ya fita sai gari ya waye sarai, ranar hazo mai kauri kuma ya haƙura. Ya daina rufe fuska, ya daina toshe kunne da karatun da yake saurare a waya. Kafin ya fita yakan tambayi masu ban ruwa ko sun ji labarin farauta. Idan ya jiyo kiɗa ko haushi, sai ya koma tafiya, ya ɗaga murya ya yi sallama tun kafin a hango shi. Idan kare ya taso, sai ya tsaya, ya sauke hannuwa, ya kawar da ido daga idonsa, ya jira mai shi.

Ba a cika wata uku ba sai labarin Uromi ya iso. A ranar 27 ga Maris, 2025, kwanaki kaɗan kafin ƙaramar Sallah, 'yan banga suka tare wata babbar mota a wannan gari na jihar Edo, ɗauke da mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su gida. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taro ya far musu, aka kashe 16. Da yawansu mutanen Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure, maƙwabciyar Garun Malam.

Malamin ya je ya yi wa dattijon jaje, domin ko ba dangi ba ne, 'yan sana'a ɗaya ne. Ya same shi zaune a gindin darbejiya, karnukansa kwance a gefe. Suka daɗe ba wanda ya ce uffan. Can dattijon ya nisa ya ce, "Malam, ka tuna ranar nan? Kai an tambaye ka ɗan gidan wa. Su ba wanda ya tsaya ya tambaya."

Har yanzu yana sassarfa a gefen magudana, jininsa kuma ya sauka. Manoma sun saba da shi, har yara kan bi shi suna dariya. Amma duk sa'ad da ya hango wata baƙuwar fuska a bayan gari, ko da garma take ɗauke ko da adda, yakan rage sauri ya riga ta yin sallama.