Banaras, Inda Ba a Raina Tsiron Matsarmama

Da sassafe jirgin ƙasan da ya ɗauko mu daga Delhi ya shiga Banaras. Masu ziyarar ibada suka yi wajen kogin Ganga, ni kuwa na tari adaidaita sahu zuwa wani asibitin masu ciwon daji. Jihohin Uttar Pradesh da Bihar suna cikin wuraren da kansar matsarmama ta fi yawa a duniya, kuma mata ta fi kamawa.

A ƙofar ɗakin hoton ciki na tarar da layi, ba wanda ya karya kumallo. Sai an yi kamar awa shida ba a ci komai ba matsarmama take cika, ta fito sarai a allo. Likitan ya sa wata dattijuwa ta juya gefen hagu, yana nuna mini abin da yake nema. In tsakuwa ce, za ta gangara, da inuwa a bayanta. Nata bai motsa ba, ba shi kuma da inuwa: tsiro ne.

Yawancin irinsa kitse ne ya taru, ba ya zama kansa. Amma da ya kai milimita 10, shawara ita ce a cire matsarmamar. Ƙa'idar likitocin Turai ta 2022 ta ce daga milimita 6 zuwa 9 ma a yi tiyata, idan mutum ya haura shekara 60, ko ɗan Asiya ne, ko gindin tsiron mai faɗi ne. A nan kuwa kusan kowa ɗan Asiya ne, shi ya sa ban ga laifin likitan da ya maimaita awon ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne jikin matsarmamar idan ya yi kauri. Akwai wani daɗaɗɗen kumburi da ke kama da kansa sak, har a hoton CT da MRI. Ganin wani ƙyalli mai siffar tauraruwa mai wutsiya a cikin kaurin yakan kwantar da hankali, don alamar kauri marar illa ne. In ba a gan shi ba, sai ƙarin hotuna, wani lokaci ma sai an cire an duba a madubin likita kafin a san gaskiya.

Na dattijuwar ya wuce milimita 10. Ɗanta ya karɓi takarda ya tafi neman ranar tiyata.