Yawon Sallah Daga Nima Zuwa Mamobi: Me Muke Zuba Wa Yara a Jaka?

Wanda bai ga Nima ranar ƙaramar sallah ba, to da saura a saninsa na Ankara. Da an sauko daga idi, babban titin da ya ratsa unguwar ya nufi Mamobi sai ya cika maƙil, har turoturo ta rasa inda za ta sa kai. Ga shadda, ga leshi, ga makaɗa, ga hayaƙin tsitsinga yana tashi ta ko'ina. Tun tsakiyar shekarun 1990, zamanin Shugaba Rawlings, gwamnati ta mai da sallolin nan biyu ranakun hutu, saboda haka ba yaron da aji ke tsare shi. Amma in mai karatu yana son ganin ainihin sallar yara, sai ya bar titi ya faɗa lungu.

Lungunan Nima ba su da faɗi. Wani wurin in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkata. Gida ɗaya ƙofa ɗaya, amma ɗakuna goma ko fiye, wannan na Bahaushe, wancan na Bazabarme, na kusa da shi na Bamoshe, na ƙurya na Badagombe, kuma duk Hausa ce ke haɗa su a tsakar gida. Haka unguwar take tun da Malam Futa ya sami filin daga hannun iyalin Odoi Kwao a farkon shekarun 1930, baƙi suka yi ta sauka a gefensa. A cikin waɗannan lunguna ne za ka gamu da yara, biyar-biyar, shida-shida, sun sha ɗinki iri ɗaya, ga tabarau na roba, ga 'yar jaka a rataye. Su yi sallama, su durƙusa, su ce, "Mma, barka da sallah. Baba, barka da sallah." A sa musu albarka, a tambaye su 'ya'yan gidan wa, sannan a miƙa musu goron sallah.

Wannan suna yana da tarihi, kuma tarihin namu ne. Goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Fatake sun yi ta tasowa daga Kano da Katsina da jakuna, suna wata da watanni a hanyar Gwanja, su sauka kasuwar Salaga su ɗauki goron da ke fitowa daga kurmin Asante. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai jama'arta suka bazu zuwa Karaki da Kumasi da Ankara. Wato abin da ya fi komai daraja a hannunsu, da shi suka raɗa wa kyautar sallah suna. To mu yau me muke zubawa a jakar yaro da sunan goro?

Amsar tana kasuwar Nima, wadda ake kira Kasuwar Mamudu. Je ka ranar Larabar ƙarshe kafin sallah. Tsakanin buhunan gero da wake da albasa za ka ga teburan alewa da cingam da biskit, leda a kan leda, iyaye mata na ta ɗiba. Ba wanda zai ga laifinsu. Kuɗi sun yi sauƙi a hannu. A 2007 aka mai da tsohuwar sidi 10,000 ta zama sabuwar sidi ɗaya, yau kuwa sidi ɗayar nan ko yaro raina ta yake yi. Leda ɗaya ta alewa kuwa tana sallamar yara da yawa, ba wanda zai fita hannu wofi.

Sai dai mu yi ɗan lissafi irin na aji uku. Yaro ya shiga gida 20, kowane gida alewa biyu, an sami 40 ke nan, ban da lemon kwalba da ake ba shi ya kora. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa in so samu ne kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 25 a yini, wato ƙaramin cokali shida, kuma wannan awon babba ne. Gwangwani ɗaya na lemo mai gas ya zarce haka. Gwamnatin Gana da kanta ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan kayan sha masu sukari a 2023. Mu da ke tsayawa gaban allo mu muke ganin sakamako bayan hutu. Wannan ya dafe kunci haƙori na ciwo, wancan ciki ya ɓaci, ga shi rabin ajin ba mai fensir. An kashe kuɗi, kafin magariba sun narke a baki.

Ba mu kaɗai ke wannan tunani ba. A Amurka da Ingila, lokacin bikin Ista, akan ɓoye ƙwai na roba a lambu, yara su bazu suna nema, a cikin kowane akwai alewa ko cakulan. Iyaye da yawa a can sun koma sa kwabbai da 'yan kayan wasa da kayan rubutu a madadinta. 'Ya'yanmu da ke makaranta tare da 'ya'yan maƙwabtanmu Kirista suna jin labarin, balle a shekara irin ta 2024 da Ista ta faɗo 31 ga Maris, ƙaramar sallah ta biyo baya cikin mako biyu. Su nasu a ciyawa ake ɓoyewa, mu namu yana bayan ƙofar dattijo, sai an gaishe shi ake samu. Ashe namu ya fi tsada, bai kamata mu cika shi da abin da ya fi arha ba.

Ba sai an bar kasuwar ba za a sami madadin. Ga dabino, ga aya, ga gyaɗa marau-marau, ga ƙuliƙuli, ga lemon zaƙi da ayaba. Dafaffen ƙwai guda ma kyauta ce da yaro ba ya mantawa. A kula dai, ɗan da bai kai shekara huɗu ba kada a ba shi aya ko gyaɗa ko kwabo, gudun ya shaƙe. Ga 'yan firamare kuwa, dozin ɗin fensir yana sallamar yara 12, kuma yana kai su ƙarshen zango. Akwai magogi, da abin fiƙe, da fensir mai launi, da alƙalami da tawada na makarantar allo, da lalle da ɗan kunne na 'yan mata, da buroshin haƙori. Mai son ba da kuɗi ya haɗa da asusu, yaro ya koyi tari tun kafin ya san adashi. Bindigar roba kam a bar wa mai ita a kan tebur.

Daga kasuwa in ka gangara bakin titin Kanda, ta wajen da hasumiyoyin babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 2021 suke hangen unguwar, akwai laburaren yara na Nima da Mamobi. An buɗe shi a 1998 da taimakon asusun da wata 'yar Kanada, Kathy Knowles, ta kafa. Shiga ka ga yadda yaranmu ke rububin littafi mai hotuna, za ka daina cewa ba su son karatu. Gidan haya mai ɗaki goma, in kowane ɗaki ya kawo kuɗin ledarsa ta alewa, ai sai a sayi 'yan littattafai a raba wa yaran gidan, su riƙa musaya har babbar sallah.

Yanzu mu tsallake babban gwata mu shiga Mamobi, mu nufi filin Kawukudi, don a nan ne za mu tarar da waɗanda aka manta da su. Yaro da ya kai shekara 14 ya fi ƙarfin rataya jaka, kunya ba za ta bar shi ya bi ƙannensa ba, kuma ba wanda ke kiransa ya ba shi komai. Sai ya koma titi. Kowa ya san yadda samari ke wasa da rai a kan babur ranar sallah, abin da Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda aka naɗa Limamin Ƙasa a 1993, ya sha jan kunne a kai. Alhali waɗannan su suka fi bukatar a tuna da su. Mai shirin jarrabawar BECE yana bukatar akwatin lissafi. Tun da aka soma karatun sakandare kyauta a 2017 yaranmu da yawa na tafiya makarantar kwana, kuma tocila da bokiti da sabulu da kwaɗo duk daga aljihun iyaye suke fita. Yarinyar da ke koyon ɗinki tana son almakashi da tef na kanta. Ƙwallo ɗaya kuwa tana ɗaukar yara 22. A ƙungiyar Strong Tower ta nan Nima Mohammed Kudus ya fara, kuma shi ne ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar kofin duniya ta 2022. Ba sai saurayi ya zo yawo ba. Kawu ne zai aika a kira shi, ya zaunar da shi, ya tambaye shi karatu, ya miƙa masa. Wannan kiran ya fi abin da ke cikin ledar.

Ba cewa nake a hana yara zaƙi ɗungurungum ba, sallah ce, kuma sau biyu take zuwa a shekara. Gida ɗaya a lungu ya ba da alewa, sauran su raba aiki. Abin da ake tsoro shi ne ranar da yawon sallah zai koma tara leda kawai, yaro ya miƙo hannu daga bakin ƙofa, bai durƙusa ba, bai iya gaisuwar da Hausa ba, bai san sunan tsohuwar da ta ba shi ba. Mu da muke tsiraru a ƙasar nan, wannan yawo na cikin makarantun da suka rage mana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye mata na ƙungiyoyin zumunta, da limamai, da malaman makaranta, a tattauna wannan tun kafin azumi ya raba tsakiya. Allah Ya raya mana zuriya, Ya maimaita mana, amin.