Filin jirgin da fasinjojinsa karnuka ne

Uwargida, in Allah ya kai ki kudancin Amurka wata rana, kada ki tsaya a babban filin jirgin Atlanta kawai. Ki nemi ɗaya daga cikin ƙananan filayen bayan gari a jihar Jojiya ko Karolaina ta Kudu, ki je da sanyin safiyar Asabar. Titin sauka ɗaya ne, sai ɗan ofis, da famfon mai, da 'yan jirage masu kujera huɗu irin Cessna 172, an ɗaure su da igiya saboda iska. In kin taki sa'a, za ki ga mota ta tsaya, ana fito da kejuna ana jerawa a gefen jirgi. Karnukan da ke ciki su ne fasinjojin ranar.

Kada ki ɗauka shagali ne na masu kuɗi, magana ce ta rai da mutuwa. A jihohin kudu, gidajen da ake ajiye karnukan da ba su da mai su kan cika maƙil, in wuri ya ƙare sai a yi wa wasu allurar mutuwa. A arewa maso gabas kuwa, irin su New York da Massachusetts, akwai iyalai da ke neman karen da za su riƙa. Matsalar ita ce nisa: tafiyar mota tana iya cinye yini guda ko fiye.

Wannan giɓi ne ƙungiyar Pilots N Paws take cikewa. An kafa ta a 2008, bayan wani matuƙi mai suna Jon Wehrenberg ya ɗauko wa Debi Boies wani kare daga Florida zuwa Karolaina ta Kudu. Yau masu ceton dabbobi kan rubuta buƙatarsu a shafin ƙungiyar, matuƙin da ke da hali ya amsa. Ba a biyansa, man jirgin ma daga aljihunsa yake saya. Dama yana buƙatar tashi a kai a kai don kada hannunsa ya kwanta, sai ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ki lura da shirin kafin tashi. Ana duba takardar likitan dabbobi da shaidar rigakafin haukan kare. Ana lissafa nauyin kowane keji, domin ƙaramin jirgi ba ya yafe lodi. In zangon ya yi tsawo, sai a yi karɓa-karɓa: wannan matuƙi ya kai wani fili, wani ya karɓa ya ƙarasa. Matuƙan kan ce da jirgi ya daidaita a sama, yawancin karnukan barci suke yi.

A wajenmu kare na gadi ne da farauta, ba mai cewa ki sa shi a ɗaka. Amma yaran da ke jifan kwikwiyo a lungu, a gida suke koyon tausayi ko rashinsa. Ki ba naki labarin waɗannan matuƙa yau da dare, ki ji abin da za su ce.