Yawon Maraice A Zangon Agege

A ƙasar Ingila akwai wani tsohon gari mai suna Bath, wanda ya shahara tun zamanin Rumawa saboda ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa. Cikin ƙarni na 18 masu hannu da shuni sukan tafi can da sunan neman lafiya, amma abin da ya fi jan su shi ne su caɓa ado su fito bisa titi, su ga jama'a, jama'a kuma ta gan su. Hausawan Ikko ma suna da dandalinsu irin wannan, watau Zangon Agege, sai dai su goro ne ya tara su.

A da can fatake kan yi tafiyar watanni zuwa Gwanja don sayo goro. Da hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Ikko ta ratsa Agege ta kai Badun cikin 1901, sa'an nan aka buɗe ta har Kano cikin 1912, sai al'amari ya sake. Manoman kewayen Agege suka dukufa ga dashen goro, 'yan kasuwar Kano da Katsina da Sakkwato suka sauka kusa da tasha suna saye, suna ɗaura huhu, suna aikawa Arewa. Fatoma ya kafa gida, malami ya buɗe makaranta, mahauci ya kafa tukuba, har zango ya zama gari mai Sarkin Hausawa. Daga baya Shehu Adamu Abdullahi Al-Ilori ya taso da makarantarsa ta Markaz, wadda ya kafa a Abeokuta cikin 1952, ya kawo ta Agege, ilmi ya zauna kusa da ciniki.

Baƙon da ke son ganin unguwar a cikin kyaunta, sai ya fito bayan La'asar, musamman ran Juma'a. A lokacin nan ne rana kan yi sanyi, tsohon titin Abeokuta da lungunan da ke ɓullewa cikinsa su cika maƙil. Ga attajirin goro ya sha babbar riga ta shadda da hula zanna, yana tafe sannu-sannu don ya ba masu gaisuwa haƙƙinsu. Ga samari sun sha kaftani mai sabon ɗinki, ƙamshin turare na biye da su. Ga mata sun yi lulluɓi za su barka ko biki, suna ciniki da mai tumatir cikin Yarabanci tsantsa, su juya su tsawata wa yaro da Hausa. Mai tsire ya hura wuta, mai yankan farce na kaɗa almakashi, mai shayi kuwa ya jera burodin nan na Agege da ya yi suna ko'ina a Nijeriya.

Wannan yawo ba na banza ba ne. A bakin teburin mai shayi ake jin farashin goro da na shanun mayankar Oko-Oba, a ji wanda ya iso daga Maraɗi, da wanda za a ba saƙo zuwa Funtuwa. Yaron da ya sauka jiya ba shi da kowa, a nan zai tarar da ɗan garinsu ya nuna masa wurin kwana da hanyar neman abinci. A nan kuma Bahaushe da Bayarabe suke saba wa juna, ta yadda in saɓani ya taso dattawa za su kashe shi tun yana ƙarami.

To, amma titin yana ƙara ƙunci. Cikin 2021 aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema, aka kuma buɗe sabuwar hanyar jirgi zuwa Badun, cikin 2024 jirgin cikin gari ya fara ratsa Agege. Lalle waɗannan ayyuka sun sauƙaƙa tafiya, amma an tashi masu kasa kaya da yawa daga bakin dogo, mai tafiya a ƙasa kuwa kullum yana kokawa da danfo da Keke Napep da kwata.

Mutanen Bath sun adana titunan yawonsu, har aka sa garin cikin wuraren tarihi na duniya cikin 1987. Abin da Agege ke bukata bai kai haka tsada ba: gefen titi na masu tafiya a ƙasa, da fitilu, da kwata mai murfi, da wurin da mai shayi zai ajiye bencinsa ba da fargaba ba. Ya kamata shugabannin Hausawa da Ƙaramar Hukumar Agege su zauna a kan wannan tun da sauran wuri, domin zumunci a ƙafa yake, ƙafa kuwa sai da wurin takawa.