Yawon Neman Firam A Cikin Birnin Kano

Ranar da muka ɗaga katifar ƙanwarmu za mu shanya, mun ga abin da ya sosa mana rai. Zane-zane goma sha ɗaya ne a ƙarƙashinta, waɗanda ta yi tun tana aji uku na ƙaramar sakandare. Laimar damina ta ɓata huɗu, kyankyaso ya gaigaye gefen biyu. Wanda ya fi kyau, wato Dutsen Dala da gidajen da ke gindinsa, ya tsira, sai dai ya yi layin ninki a tsakiya. Da muka tambaye ta dalilin ɓoye su, sai ta ce ai ba wanda ke kallo, shi ya sa ma ta daina yi.

Mu biyu yayyenta da ke jami'a muka ɗauki zanen Dala muka kai wani shagon masu sa firam. Kuɗin da aka faɗa mana ya ninka abin da ke aljihunmu sau uku. Muka yi godiya muka fito. A hanya muka yanke shawarar cewa ranar Asabar za mu shiga cikin birni tare da ita, mu ga yadda mutanen da ke aikin ado suke baje kayansu.

Gidan Makama muka fara zuwa, kusa da Gidan Sarki. An gina shi tun ƙarni na 15, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. Mun sha zuwa da makaranta, amma wannan karon bango muka je kallo. Ginin ƙasa ne mai kauri, ɗakunan da sanyi, hasken rana ba ya dukan tsofaffin hotunan da ke ciki kai tsaye. Ga su kuma daidai idon mai kallo, ba sai ka ɗaga wuya ba. Nan muka tuna falon gidanmu, inda aka kafa kalanda can kusa da silin, tana fuskantar taga, har shuɗinta ya koɗe. Tun kafin mu kashe ko sisi mun samu darasi biyu: a rataye zane daidai ido, kuma a nisanta shi da rana, domin rana tana cin launi.

Daga nan muka bi ta gefen babban masallacin Juma'a muka gangara Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Lungunanta matsattsu ne, idan ka tsaya kallo sai mai kaya a ka ya ce maka gafara. Mun wuce dukawa da jakunkunansu na jar fata, da masu ƙwarya mai zane, da masu allon zayyana irin wanda ake yi wa ɗalibi idan ya sauke Alƙur'ani. A wata rumfa muka tarar da wani dattijo ya jera faya-fai a jikin bango, manya a tsakiya, ƙanana suna kewaye da su.

"Sannu da kasuwa, Baba," muka ce.

"Yauwa 'yan makaranta. Me ake nema?"

Da muka ce firam muke nema mai araha, sai ya yi dariya ya nuna bangon rumfarsa, ya ce kakanninmu ba su san gilashi ba amma ɗakunansu sun fi namu ado. Gaskiyarsa kuwa. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin tsohuwa ya ga jeren tasoshi da kwanoni da faya-fai, ya san Bahaushiya ta daɗe da iya baje kayan kallo. Muka sayi faifai biyu. Dabarar ita ce a ɗora ƙaramin zane a kan farin kwali, a huda kwalin a kusurwa huɗu, a ɗinke shi a tsakiyar faifan da zare. Launin saƙar da ya rage a gefe shi ne firam ɗin.

Zangonmu na uku marinar Ƙofar Mata ce, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Warin baba ne zai fara yi maka maraba, sannan ka ga marina a tsugune bakin rijiyoyin rini, suna tsoma yadi suna ɗagowa don ya sha iska, launin yana komawa shuɗi. Ba mu da kuɗin turmi, don haka muka roƙi a sayar mana da ƙyallen da ya rage. Wanda ya sayar mana ya ja mana kunne cewa sabon rini yana zuba, ya goga shi a tafin hannun ƙanwarmu ya bar mata shaida. Ashe in za a yi amfani da shi, dole a sa farar takarda tsakaninsa da zanen.

Da la'asar muka dawo unguwa, muka tsaya wurin kafinta. Maimakon mu ce ya yanko sabon katako, sai muka nemi ragowar da ke zube a ƙasa. Ya zaɓo sirara guda huɗu, ya yanke bakin kowanne a karkace yadda kusurwoyin za su haɗu, ya sa gam da ƙananan ƙusoshi. Mai yankan gilashin taga shi ma yana da guntayen da ba su isa taga ba. Muka karɓi mafi siranta, muka roƙe shi ya goge kaifin gefen. Ku ma in za ku yi, kada ku yanka gilashi da kanku.

Sauran aikin a tsakar gida muka yi shi. Takardar zanen Dala irin ta A4 ce, faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7. Muka yanki kwali daga katan, muka ƙara santimita 5 a kowane gefe, muka lulluɓe shi da farar takarda. Muka yanki wani kwalin mai girma ɗaya da shi, muka fitar masa da taga a tsakiya wadda ta ɗan gaza girman zanen, muka naɗe shi da ƙyallen shuni, muka liƙa farar takarda a bayansa. Wannan kwali na biyu yana da aiki bayan ado: shi ke hana zanen taɓa gilashi, domin idan gumi ya taru a ciki da damina, takarda takan manne. Ba mu shafe bayan zanen da gam ba. 'Yan siraran takardu biyu muka liƙa a samansa kawai, saboda takarda tana ɗan buɗewa da laima, ta tsuke da hunturu, in aka ɗaure ta ko'ina sai ta yamutse. Salatif kuwa kada ya kusanci fuskar zane, don in ya tsufa yakan bar tabo ruwan ɗorawa.

Katako bai isa sauran zane-zanen ba, sai muka koma ga kara. Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara zai iya wannan: busassun karan dawa huɗu miƙaƙƙu, a gicciya su a kusurwa, a ɗaure da zare, a ɗinka kwalin a baya. A madadin gilashi muka sa farar leda mai kauri, irin wadda masu shagon kwamfuta ke sawa a fuskar takardun da suka ɗinke. A riƙa duba karan lokaci-lokaci saboda gara. Idan kuma gidan haya kuke ba a yarda a cika bango da ƙusa ba, ku jingina firam ɗin a kan kabad ko teburin karatu, nesa da hayaƙin murhu da na turaren wuta.

Bayan magariba muka sauke kalandar, muka rataye Dala a bangon da rana ba ta kaiwa, faya-fan biyu a dama da hagu. Da Baba ya dawo daga masallaci sai ya tsaya a gabansa, ya gyara tabarau, ya tambayi inda muka sayo.

"Ita ta zana, Baba," muka ce.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa a kan gilashin ya nuna wani lungu a gindin dutsen, ya ce ta nan suke bi zuwa makarantar allo suna yara. Washegari da safe ƙanwarmu ta zo aron fensir da rula. Ku ma ku ɗaga katifunku ku duba kafin damina ta sake faɗuwa.